In za ku kafa ƙungiyar goyon bayan shugaban ƙasa a unguwarku

Kwanan nan ƙannena na Jekadafari da Bolari a nan garin Gombe sai turo min saƙo suke a WhatsApp, wai Yaya an ce daga sama mu haɗa ƙungiyar matasa, za a kawo riguna da huluna masu hoton shugaba, ta ina za mu fara? To ni dai son shugaba ba laifi ba ne, kowa da gwaninsa, amma ku gina abin yadda ko an kwashe rumfa da kujeru kuna nan daram.

Ku fara da littafi, na bango mai ƙarfi ba takardar da za ta yage a aljihu ba. Sunan kowa, gundumarsa, rumfar zaɓensa, sana'arsa, sannan tambayar da ta fi komai, yana da katin zaɓe? Duk wanda ya kai shekara 18 ba shi da kati ku raka shi ofishin INEC idan an buɗe rajista. Gombe muna da ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, kuma ɗan siyasa ya fi jin tsoron matasa hamsin masu kati a gunduma ɗaya a kan dubu masu ihu a bayan mota.

Sai maganar kuɗi, nan ne ake yawan faɗuwa wallahi. Ku sa wa kanku karo-karo duk sati ko ɗari biyu ne, ma'aji daban sakatare daban, a buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, in abin ya zauna ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. In tallafi ya zo daga gwamnati ko wani Honorabul a karanta adadin a gaban kowa. Ni na taɓa tsayuwa a wani gangami tun hantsi har la'asar, rana na dukanmu, ruwan leda ɗaya muka raba mu biyu, ƙarshe wanda ya karɓo kuɗin motarmu ya kashe waya, a ƙafa muka dawo. Tun ranar na gane ƙungiyar da ba ta da aljihunta haya ake ɗaukarta.

Manyanmu sun ga irin wannan. A watan Maris na 1998 ƙungiyar matasa masu goyon bayan Abacha, YEAA, ta Daniel Kanu ta tara jama'a a Abuja, gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu, ana roƙon Janar Abacha ya zarce. Mu nan mun san Abacha, shi ya ƙirƙiro jihar Gombe ranar 1 ga Oktoban 1996. Amma da Allah ya karɓi ransa ranar 8 ga Yuni na 1998 ƙungiyar ta watse, don babu abin da ya haɗa su sai mutum ɗaya.

Dokar da ba sassauci, ba makami, ba ƙwaya, ba yage fostar wani, ba zagin iyayen mutane a Facebook. Mun san abin da dabar Kalare ta yi mana, na Bauchi sun san Sara-suka, yara ne aka fara tarawa da sunan goyon baya, in an kama su kuma iyaye mata ake bari da zaryar kai abinci gidan yari. Wanda ya zo taro da gora ko adda a cire sunansa ranar, ko ɗan gidanku ne.

Kar ku je gaban babban mutum hannu rabbana. Ku rubuta buƙata uku kacal, misali gurbin koyon sana'a na mutum goma, gyaran famfon unguwa, taimaka wa ɗalibai cike fom ɗin rancen karatu na NELFUND, ku miƙa da ladabi, ranka ya daɗe ga abin da matasa ke so, ku ajiye kwafi mai kwanan wata, bayan wata uku ku koma da shi.

Kuma ku duba cikinku. Tun 31 ga Mayun 2018 da Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. In akwai mai hankali da riƙon amana a littafin nan naku, ku fara kai shi taron jam'iyya na gunduma tun yanzu, dattawa su saba da fuskarsa.