Matakan kai yara hawa kujerar sinima mai motsi a Kano

Da farko ku zaɓi rana. Ranar Sallah da kashegarinta wuraren wasan yara cike suke, musamman wajajen titin Gidan Zoo, don haka safiyar Asabar ta fi sauƙi.

Kada yara su cika ciki kafin a fita. Kujerar tana kan wasu ƙarafa ne masu ɗaga ta su karkatar da ita daidai da abin da ke gudana a majigi. Ido ya ga ana gudu, kunne na ciki kuma ya ji wani motsi daban, nan ne jiri da tashin zuciya suke farawa. Wanda ya sha fura ya ƙoshi, sai a hankali.

A ƙofa ku tambayi tsawon da ake bukata yaro ya kai kafin ku yanki tikiti. Mai juna biyu da mai ciwon baya ko na zuciya su jira a waje.

In an shiga, a ɗaure bel, a gyara tabarau na kallon majigin, waya da hula su shiga jaka. Ƙaramin ya zauna kusa da babba. Ku ce masa: "Auta, in ka ji jiri ka rufe ido, ka riƙe hannun Yaya."

Bayan an gama, a ɗan zauna a sha ruwa kafin a tare adaidaita sahu.