Rumbun hatsin gari: kurakuran da suke kashe shi

Daga Diyamare zuwa Mayo-Danay, a ƙuryar arewacin Kamaru, ƙungiyoyin manoma suna ta kafa rumbun haɗin gwiwa: a sayi dawa da kaka, a ajiye, a sayar wa mutanen gari da rangwame a watannin Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbunan gidaje suka ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba. Tsarin mai kyau ne. Abin takaici, kowace sabuwar ƙungiya sai ta sake taka inda ta baya ta zame.

Babban makashin rumbu shi ne bashi. Watan Agusta na kamawa, magidanci zai zo ya ce gidansa ba a ɗora tukunya ba, a ba shi buhu zuwa kaka. Kwamiti ya ji kunya ya bayar. Gobe ƙanin lawan ya zo, jibi surukin ma'aji. Da kaka wasu su biya, wasu su ce ambaliya ta cinye gonar, waɗanda suka biya kuma su ga an ƙyale waɗanda ba su biya ba, baɗi su ma su riƙe. Haba jama'a! Hatsin nan jari ne na gari duka, har da gwauruwar da ta zuba kwano biyu ranar kafawa. Wanda ya rabar da shi don a ce masa mutumin kirki, da dukiyar wasu ya yi kyautar. Ni dai ƙa'idata ɗaya ce: kuɗi hannu, kuma a riƙa sayarwa kwano-kwano, da iyakar abin da gida ɗaya zai saya a mako. Buhu ɗan kasuwa yake jawowa, ya kwashe ya nufi Kuseri ko bakin iyakar Najeriya. Marasa hali kuwa a yi musu asusu daban daga zakka da wani yanki na riba, da littafinsa daban, kada ya taɓa jari.

Sai farashi. Mutane suna sayarwa yadda suka saya, wai don adalci. A ce an sayi buhu sefa 18,000. Ɗora kuɗin dako, kuɗin buhun kansa, na mai gadi, da ramar da hatsi yake yi idan ya ƙara bushewa, sai ka ga ya tasar wa 20,000. Duk wanda ya sayar a 18,000 ya ci jarinsa, baɗi buhunan da zai saya ba za su kai na bana ba. A lissafa duk wannan, a ƙara ɗan abu, a tsaya ƙasa da farashin kasuwa, a karanta lissafin a gaban taro.

Jinkirin saye ma haka. Dawar damina tana araha wajen Oktoba da Nuwamba, muskuwari, wato dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka (karal), kuma Janairu zuwa Fabrairu. Ƙungiyar da ta tsaya jiran kuɗin mai tallafi har Afrilu, a hannun 'yan kasuwa za ta saya.

Wani abin da ke ɓata min rai shi ne ajiya. Ana karɓar hatsi da ɗanyensa saboda mai shi ɗan gari ne. Masara ko gyaɗa mai laima tana yin fumfuna, kuma wannan fumfunar ce ke haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Masara tana son laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100. In babu na'urar awo, a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a sa busasshen gishiri cokali biyu, a girgiza, a bar ta minti 15. Gishiri ya manne a jikin kwalba? A mayar wa mai shi ya sake shanyawa, a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Sannan don Allah a daina barbaɗa maganin feshin auduga a kan wake. Abincin da yaranku za su ci ne! Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda binciken da ya haifar da shi a yankin Marwa aka fara shi a ƙarshen shekarun 1980. A duba ledar ko ta huje, a matse iska, a ɗaure kowane baki shi kaɗai, kada a riƙa buɗewa. Ƙwaron da ya rasa iska mutuwa yake. Buhuna su hau kan katako, a bar rabin mita tsakaninsu da bango saboda gara da ɓera.

Makulli ɗaya a aljihun mutum ɗaya, kuskure ne. Kwaɗo uku, mutum uku, kuma mai riƙe kuɗi ba shi ne mai rubutu ba. Takardar rajistar ƙungiya, ko ta GIC (ƙaramar ƙungiyar haɗin kai) ce ko ta kofaratif, a yi ta kafin a buɗe asusu, kada kuɗin gari ya kwana da sunan shugaba.

Akwai kuma taron da ake yi na maza zalla a ƙofar gidan jauro, wato mai gari, a yanke abin da gari zai ci. Matan da ke surfe da tuƙa tuwo su suka san kwano nawa gida yake ci a rana, da dawar da ke auki da wadda yara ke ƙi. Su za su gaya muku cewa rumbun da babu wake, babu gyaɗa, babu busasshiyar kuɓewa da kuka, ciki kawai yake cikawa. A ba su kujerar ma'aji ko ta awo, ba ta shara ba.

Makiyaya da masunta su ma a kira su tun zaman farko. Muskuwari yana tsaye a gona daidai lokacin da shanu ke gangarawa fadamun kogin Logon, don haka maganar burtali da mashaya da ranar sakin dabbobi a kara dole a yanke ta kafin dashe, a gaban lawan da arɗo. Rikicin makiyaya da masunta na Logon-Birni a 2021, wanda ya kori dubban mutane zuwa Cadi, a kan ruwa ya faro. In an shirya, makiyayi zai zauna a gonar da aka girbe ya bar taki, manomi ya biya shi da dawa, a rubuta yawanta a littafin ƙungiya.