Yadda Ake Samun Rabo a Sabuwar Dusar Ƙanƙara Ranar da Dutse Ya Cika da Jama'a

Masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ba su da ranar da suke ɗoki kamar safiyar da ta biyo bayan daren da dusa ta kwana tana zuba. Sabuwar dusar da ba a taka ba takan yi laushi kamar garin da aka tankaɗe, mutum ya nutse a cikinta har gwiwa ko ƙugu, amma a wurin da ya yi suna ba ta wuce sa'o'i biyu ko uku kafin ɗaruruwan mutane su tattake ta. Zan ɗauki misali da wuraren wasan zamiya biyu, Alta da maƙwabciyarta Snowbird, waɗanda ke ƙarshen kwazazzabon Little Cottonwood a jihar Utah ta Amurka, domin a can ne yawan dusa da yawan jama'a suka haɗu. Alta takan sami dusar da ta haura mita 12 a shekara, a kakar 2022 zuwa 2023 kuwa an auna inci 903, wato kusan mita 23, ga shi birnin Salt Lake yana nan kusa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba idan hanya a sake take.

Aikin yana farawa ne tun daren jiya. Hanya ɗaya ce tak ke hawa kwazazzabon, mai lamba 210, kuma tana ratsa wurare masu yawa da dusa ke zaftarowa daga saman duwatsu, saboda haka hukumar sufuri ta jihar takan rufe ta da asuba domin a tayar da dusar da ke barazana da abubuwan fashewa kafin a bar motoci su wuce. Ka duba sanarwar hanyar da hasashen yanayi kafin ka kwanta, ka karanta rahoton cibiyar lura da zaftarewar dusa ta Utah da safe, ka tabbata ko ranar tana cikin ranakun da sai an kama wurin ajiye mota ta intanet tun da wuri. A ranakun dusa doka takan tilasta wa mota ta kasance da tayoyin hunturu ko sarƙa, wanda ba shi da su kuwa gara ya shiga motar bas ta masu zamiya. Wanda ya kwana a masaukin da ke saman dutsen ya fi kowa dacewa, duk da cewa idan haɗari ya tsananta akan hana kowa fita daga gini har sai an gama aikin, kuma wannan umarni ne na hukuma wanda karya shi laifi ne.

Kayan aiki ma a shirya su tun dare. Allunan zamiya masu faɗi, waɗanda tsakiyarsu ta kai milimita 100 ko fiye, sun fi ɗaga mutum a saman dusa mai zurfi, kuma ana samun hayarsu a shagunan gindin dutse, sai dai layin haya da safe yana iya cinye maka sa'ar da ta fi daraja. Ka tanadi hular kwano, da tabarau mai gilashin da ya dace da ranar hazo, da mayafin rufe baki da hanci, da usur a maƙale a kusa da wuya inda baki zai iya kaiwa gare shi.

Da sanyin safiya ake kama fara. Kujerun da ke ɗaukar mutane a kan waya zuwa sama sukan fara aiki wajen ƙarfe tara, amma layi yakan fara taruwa tun kafin nan da nisa. Yawancin jama'a sukan yi cincirindo a kujerar da ta fi suna, kamar Collins a Alta ko babbar motar igiya ta Snowbird wadda ke aiki tun 1971, alhali tsohuwar kujera mai tafiyar hawainiya irin Wildcat tana iya ba ka sauka biyu kafin na cikin dogon layi ya yi ɗaya. Idan ku biyu ne ko uku, ku shiga layin masu hawa su kaɗai, ku haɗu a sama.

Abin da baƙo bai cika sani ba, kuma shi ne a ganina ya fi komai amfani, shi ne ba a buɗe dutsen gaba ɗaya lokaci guda. Jami'an sintiri sukan bi sassa ɗaya bayan ɗaya suna tabbatar da cewa dusar ba za ta zaftaro ba, sannan su cire igiyar da ta tare hanya. Alta tana da dogon tarihi a wannan aiki, domin a can ne Monty Atwater, masanin zaftarewar dusa, ya jagoranci gwajin harba igwa a kan gangara don tayar da dusa bayan yaƙin duniya na biyu. Ma'anar wannan ga mai zamiya ita ce sabuwar dusa tana zuwa kashi-kashi: wani sashe da safe, wani da hantsi, wasu kuma, kamar Devil's Castle a Alta ko Mineral Basin a Snowbird, suna iya jira har azahar ko ma washegari. Ka riƙa duba allon sanarwa a gindin kowace kujera, ka tambayi jami'in sintiri cikin ladabi inda suke aiki, kada ka ƙone ƙarfinka duka a sa'ar farko. Kada kuma ka kuskura ka ratsa ƙarƙashin igiyar da aka ɗaura. Ana ƙwace tikitin mai yin haka, wannan kuwa shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi, domin yana iya tayar da dusa a kan ma'aikatan da ke ƙasa da shi.

Idan wuraren da ke fili sun tattake, ka nemi gefen hanyoyi, da tsakanin itatuwa masu tazara, da gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta dukan dusa ta yi nauyi. Ka lura da inda iska ta kaɗa cikin dare, domin takan kwashe dusa daga gefe ɗaya na tudu ta jibge ta a ɗaya gefen. Lokacin da jama'a suka tafi cin abincin rana layi yakan ragu sosai, don haka ka ci naka da wuri ko ka jinkirta shi.

Ita kanta zamiyar a cikin dusa mai zurfi ta bambanta da ta kan daɓaɓɓiyar hanya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jingina baya don tsoron kada kan allunan ya nutse, wanda ke gajiyar da cinya cikin mintoci kaɗan ya kuma hana mutum juyawa. Ka tsaya daidai a tsakiyar allunanka, hannuwa a gaba, ƙafafu kusa da juna fiye da yadda ka saba, nauyi kuma a rarrabe a kan ƙafafu biyu kusan daidai, domin idan ka danna ɗaya ita kaɗai za ta nutse ta bar 'yar'uwarta a sama. Kana buƙatar ɗan gudu kafin allunan su taso, saboda haka ka fuskanci gangara ka bari su ɗauki hanya, sannan ka fara lanƙwasa gwiwa da miƙewa a hankali, kana juyawa a daidai lokacin da ka ji jikinka ya yi sauƙi. Juyi ya zama mai zagaye, ba na fizga ba. Alf Engen, ɗan asalin Norway wanda makarantar koyon zamiya ta Alta ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo tun zamanin da alluna suke sirara. Idan ka faɗi, ka gicciya sandunanka biyu a kan dusa ka dafa tsakiyarsu ka tashi, idan kuma allo ya ɓace ka fara nemansa daga sama da inda ka tsaya.

Akwai haɗarin da nake so a ɗauka da gaske, wato ramin gindin itace. Rassan itatuwan da ba sa zubar da ganye sukan hana dusa cika kewayen gindinsu, sai a sami rami mai zurfi wanda ba a gani daga sama. Wanda ya faɗa ciki da ka yana iya shaƙewa cikin mintoci, kuma yawan mutsu-mutsu yana ƙara nutsar da shi. Saboda haka kada ka shiga cikin itatuwa kai kaɗai, kuma abokin tafiya ya kasance wanda idonka ke kansa, ba wanda zai jira ka a gindin kujera ba. Ku riƙa sauka kaɗan-kaɗan kuna tsayawa kuna duba juna. Wanda zai fita ta ƙofar iyakar wurin zuwa dajin da ba a sintiri a cikinsa dole ya ɗauki na'urar gano wanda dusa ta binne, da shebur, da sandar bincike, kuma ya zama ya koyi aiki da su.

Cunkoso yana da ladubbansa. Wanda ke ƙasa da kai shi ne mai haƙƙin hanya. A kan siririyar hanyar da ke gicciye gangara, kamar High Traverse ta Alta, kada ka tsaya a tsakiya, ka kauce sama ko ƙasa ka ba na baya wuri. Ka sauka kusa da sawun wanda ya riga ka maimakon ka yanka fili a karkace ka ɓata wa mutum goma rabonsu. Gindin Alta kansa yana kan tsayin kusan mita 2,600, don haka ka yawaita shan ruwa, ka huta da zarar ƙafa ta fara rawa.

Komawa gida ma sai da lissafi. Da yamma motoci sukan jeru a kwazazzabon, fitilunsu na baya suna ja tun daga sama har ƙasa, abin da mutanen yankin ke kira jan maciji, kuma tafiyar rabin sa'a tana iya zama ta sa'o'i biyu ko fiye. Ko dai ka sauka tun wajen ƙarfe biyu, ko ka zauna a sama ka ci abincin dare, ka shanya safar hannunka, ka duba sassan da ba a buɗe ba yau domin ka san layin da za ka shiga gobe da safe.