Yadda ake zaɓen matakalar bene da tsara ta tun kahin a zuba dal

Duk wanda ya zagaya unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi shina ganin yadda gidajen etaj ke ta tashi, amma in ka shiga ciki sai ka tarar an kashe kuɗi wurin falo da karo da fenti, matakala ko an matsa ta cikin wani lungu, hawanta sai da dafa gwiwa. Abin da ke kawo wanga matsala guda ne, ana barin maganar eskaliye, wato matakala, sai an gama ginin ƙasa sannan a ce ma magini ya nema mata wuri. Ɗan'uwa in kana da niyyar hau da gini, lissahin matakala tun ga plan ake yin shi, don da zarar an zuba dal magana ta ƙare sai dai a fasa, kuma fasa beto asara ce ga kuɗi ga ƙarhin gini.

Da farko ka zamna ka tambayi kanka su wa za su riƙa hawa. In akwai Hajiya tsohuwa gidan, ko ɗiya ƙanana, ko mai ciki da za ta hau da bokitin ruwa a hannu da goyo a baya, to su za ka auna ma matakala, ba ƙahwar saurayi ba. Sannan a ciki za ta kasance ko a waje? In saman haya za ka ba, ko wani ɗanka zai zamna da iyalinshi, ta waje ta hi, kowa da ƙofarshi. Amma nan akwai abin da nike so a kula da shi ƙwarai, matakalar waje in ba a ɗaga mata bango ba, duk mai hawa shina kallon tsakar gidan maƙwabci, matan mutane na wanki na girki ana ganinsu. Wanga haƙƙi ne babba, ka juya ta ta kalli cikin gidanka ko ka tada mata bangon da ya wuce kan mutum.

Sai zaɓen iri. Akwai miƙaƙƙiya, ita ta hi sauƙin yi da arha amma tana cin tsawo, kuma wanda ya zame daga sama ba abin da zai tare shi sai ƙasa. Akwai mai lanƙwasa guda a kusurwa, akwai kuma mai juyowa baya da wurin hutawa a tsakiya, wanda magina ke ce ma paliye. Ni wagga ta ƙarshe nike ba mutane shawara ga gidan iyali, sabida tsoho na samun inda zai tsaya ya huta. Mai murɗewa ta ƙarhe tana da kyan gani amma a bar ta ga hawa rufi wurin tankin ruwa ko fanon sola, ranar da aka kawo jeren amarya gado da katifa da armuwar ba su bi ta nan. Kuma ƙarhe in a waje yake, cikin zahin Afrilu da Mayu ko hannu ba ka iya ɗora mishi da rana. Katako ko gara na jiranshi, mai kyau kuma tsada. Beto shi ne namu.

Yanzu ga lissahi, kuma nan ne aikin yake, ka ɗauko takarda da mitir. Ka auna tsawo daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama, amma daɓen da aka gama nike nuhi, wato ka haɗa da kaurin dal ɗin kanshi (in na urdi ne, wato birkin nan mai rami da ake jerawa a zuba kankare bisa, yawanci santi 20) da kaurin karo da simintin da za a shimfiɗa shi kai, na sama ka ƙara, na ƙasa ka cire. Mutane da yawa nan suke kuskure, su auna kahin karo, in an zo an sa sai takin hwarko ya gajarce na ƙarshe ya yi tsawo. A ce ka samu mita 3 da santi 20, wato santi 320. Tsawon taki mai daɗin hawa a gida tsakanin santi 16 ne da 18, sai ka raba 320 da 17, zai ba ka 18 da ɗori, tunda babu rabin taki sai ka ɗauki 19, ka koma ka raba 320 da 19, kowane taki ya tashi santi 16,8 kenan.

Faɗin wurin aje ƙahwa shi ma da ƙa'idarshi. Wani masanin gini na Faransa mai suna Blondel ya fitar da ita tun 1675 kuma har yau da ita injiniyoyinmu ke aiki, ya duba tazarar tahiyar mutum ne, tsawon taki sau biyu in ka haɗa da faɗinshi ya faɗa tsakanin santi 60 da 64. Ga namu 16,8 sau biyu 33,6, in ka sa faɗi 29 ka samu 62,6, ya zamna daidai. Kada ka yarda a rage maka faɗin nan ƙasa da 25 don neman wuri, hawa za ka iya amma saukowa diddige kaɗai ke samun wurin zama, ga babbar riga ko dogon hijabi na jan ƙasa.

Daga nan za ka san hilin da za ka ware. Taki 19 wurin aje ƙahwa 18 ne, don na ƙarshe dal ɗin sama ne da kanshi, 18 sau 29 ya ba da mita 5 da santi 22 in miƙaƙƙiya ce. In mai paliye ce ka sa taki 10 ƙasa 9 sama, za ta ci wajen mita 3,60 a tsawo da 2,20 a faɗi in kowane ɓangare mita guda ne. Faɗin matakala santi 90 ana iya zama da shi amma in da hali ka yi mita guda cur, kuma paliye kada ya kasa faɗin matakalar, ka tuna wata rana marar lahiya za a ɗauko mutum biyu ko ukku su sauko da shi.

Ramin da ake bari ga dal shi ma ka tsaya kanshi da kanka. Ko'ina mutum ya taka, daga takin zuwa abin da ke bisa kanshi kada ya kasa mita 2, in ya kai 2,10 ya hi. Ka ce a ja igiya a gwada maka ranar da ake kofraj ɗin dal, wato buga katakon da zai riƙe kankare, kahin kankare ya sauka.

Ranar aikin matakalar, ka sa magini ya zana dukkan takin a jikin bango da nibo, abin gwada daidaito, kahin ya buga katako, ka yanko sanda daidai tsawon taki guda ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi wanga shi ne abin da ya hi komi, ƙahwa na haddace takin hwarko da na biyu sai ta ci gaba da kanta ba ka kallo, in guda ya ɗara sauran ko da santi ɗaya da rabi nan ake tuntuɓe. In ya ce maka "Alhaji bari, wurin karo za a gyara" ka ce mishi a'a malam, a gyara yanzu da ƙusa ke iya cirewa. Kaurin kwancen matakala santi 12 zuwa 15, ƙarhe yawanci lamba 10 ko 12 ne, amma yawanshi da tazararshi injiniya ya kamata ya rubuta, kuma tun ana zuba dal a bar ƙarahunan jira waɗanda za a ɗaure na matakala da su. Ƙasan ta samu tushe nata, kada a ɗora ta bisa daɓe haka nan, ƙasarmu rairai ce tana zama. Kwaɓi buhu 7 na siminti ga mita kib guda na kankare, ko na Malbaza ne ko Dangote, rairai mai tsabta da tsakuwa wankakka, a zuba ta rana guda daga ƙasa a yi sama. Bayan nan ban ruwa sahe da marece aƙalla kwana 7, in lokacin zahi ne ko hunturu a ruhe da buhunan da aka jiƙa don iska na shanye ruwan da wuri, sandunan tokara kuma a bar su sati ukku ko huɗu.

Karo mai sheƙi na falo bai dace da matakala ba sam, mutum ya yi arwalla ya tako da silifa jiƙaƙƙe sai santsi. Ka nemi mai kaushi, bakin kowane taki a sa mishi abin hana zamewa. In ta waje ce a ɗan karkato takin gaba kaɗan don ruwan damina ya gangare.

Wurin riƙo santi 90 daga bakin taki, inda ke da rami a sama kuma mita guda. Ka gaya ma mai walda tsakanin ƙarhe da ƙarhe kada ya wuce santi 11 don kan yaro kada ya shiga, kuma a tsaye za a jera su, in a kwance ne yara tsani za su maida su. A sa makunnin wuta biyu, guda ƙasa guda sama, da taga ko ƴar ƙarama ce wurin paliye don ranar da babu kuran. Ƙarƙashin matakala ka yi ɗan magaza na buhunan hatsi ko kayan aiki, amma jarkar esans da butalin gas a kai su wani wuri, in gobara ta tashi nan waɗanda ke sama ba su da wata hanyar sauka.