Yadda ake gano ɓarna da sake ɗaure injin babbar mota bayan ya tafasa

Daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 kuma albasar Galmi ta hau hanya, da wuya mako ya wuce ba a jawo mana motar da ta tafasa ba. Kilas shi ne murfin saman inji, jowan kuma shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da gangar jikin injin. Maganar masu mota ɗaya ce: "Maigida, jowan kilas ne kawai, sauya mini in kama hanya." Yara masu koyon aiki su ma sai su yarda, su sa sabon jowan, su karɓi kuɗi, bayan kwana goma mota ta dawo wata motar na jan ta. Sau da yawa jowan ba shi ne ciwon ba, shi ne dai ya fara kuka.

Kafin ka taɓa kile, wato sifana, yi tambaya. Direba ba zai faɗa maka gaskiya a gaban ubangidansa ba, don haka ja yaron mota gefe, ka saya masa shayi. Abu biyu kake son ji: tafiyar da aka ƙara bayan allurar zafi ta shiga ja, da kuma ko an kwara ruwan sanyi injin na da zafi. Idan an kwara, sa a ranka cewa kilas ya tsage har sai gwaji ya wanke shi.

Zaro sandar awon mai. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka tada injin. Cire anjektoci, masu fesa gazuwal cikin silinda, ka juya shi da hannu, don ruwan da ya kwanta a kan fistan ba ya matsuwa, bugu ɗaya na damare, mai tada inji, ya isa ya lanƙwasa biyel, wato hannun fistan. Daga nan nemi abin da ya jawo zafin tun farko: kuruwa (bel ɗin inji), famfon ruwa, fanka, murfin radiyata, da radiyatar kanta, wadda ƙura ke toshewa daga waje, ruwan rijiya kuma ya bar mata farin dutse a ciki. Tarmosta kuwa, mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, jefa ta a tukunyar ruwa bisa wuta, mai lafiya tana buɗewa wajen digiri 80 zuwa 85. Masu cire ta su yar wai don ƙasarmu da zafi, ni ban yarda su taɓa motar da na ɗaure ba.

Kilas sai injin ya huce sarai ake kwance shi, daga bakin gefe zuwa tsakiya. Kada ka yar da tsohon jowan, inda ya ƙone shi ke nuna maka silindar da za ka fi zuba wa ido. Goge fuskar kilas, ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da a karkace, ka zura siraran ƙarafan gwaji a ƙarƙashi. Duba tsakanin supaf da supaf, wato bawul ɗin shigar iska da fitar hayaƙi, da bakin ramin anjekta, nan tsaga ke ɓuya. Ido ba ya isa. Aika shi wurin masu gwadawa da iska cikin ruwan zafi, ko da sai an kai Yamai, kuɗin motar kasuwa bai kai na buɗe inji sau biyu ba. A injin Actros OM 501 kowace silinda da nata kilas, wannan sauƙi ne, amma gwada duka shidan.

Yanzu ga inda na taɓa shan kunya. Wata mota na ɗaure sau biyu, an goge kilas, jowan sabo, duk da haka kafin ta kai Abalak tana amayar da ruwa. Na zagi mai sayar da jowan, na zagi direba, ashe laifina ne: shemiz ɗaya, wato bututun ƙarfen da fistan ke kai da komo a ciki, ta nutse. Shemiz mai jiƙa, wadda ruwa ke zagaye ta, ana barin bakinta ya ɗan ɗara fuskar bulok, wato gangar jikin injin, abin da bai kai milimita ɗaya ba, kowane inji da adadinsa, kuma wannan ɗan tudun ne ke danne jowan. Zafi na iya cinye mazauninta ta nutse. Yatsa ba ya jin wannan. Danne kowace shemiz da ƙusa da washa mai faɗi, ɗora agogon awo, auna wuri huɗu, rubuta da alli a jikin bulok. Kwatanta da adadin da ke littafin injin, sannan kwatanta su da junansu, don ko duk suna cikin ƙa'ida, wadda ta fi maƙwabciyarta ƙasa za ta iya hura wuta. Idan ta nutse, a gyara mazaunin a sa mata kal, wato siririn zoben ƙarfe mai ɗago ta. Ba agogo? Ara. Kuma kada ka juya bilburkan, wato babban sandan da fistan ke juyawa, alhali shemiz ba a danne take ba, fistan zai ɗago ta, datti ya faɗa ƙarƙashi, awonka ya tashi a banza.

Fistan da ya yi zane, ko shemiz mai launin ƙuna, ba a lallashinsu. Sagaman, wato zoben fistan, da ya sha zafi ya saki ƙarfinsa ko da ka gan shi lafiya. Ni saiti nake sawa gaba ɗaya, shemiz da fistan da sagaman, in mai mota ya nace a kan okaziyo, wato na hannu, don ya rage ƴan jikkuna sai ya nemi wani garaji. Robobin ƙasan shemiz sababbi, a shafa musu sabulun ruwa, wasu robobin baƙin mai kumbura su yake yi. Tunda ruwa ya gauraya da mai, buɗe kusine, wato ɓawon ƙarfen da bilburkan ke juyawa a ciki, ka duba.

Sauran ka sani. Wanke ramukan ƙusoshi su bushe, auna tsawon ƙusoshin kilas, wadda ta miƙe a yar. Ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da kile mai awon ƙarfi, sannan ka ƙara murɗawa daidai digirin da littafi ya ce. Daidaita supaf, sabon mai da filta, ruwan radiyata na galan ba na rijiya ba, fitar da iska. Tada shi ya ɗumama, ka fita da shi hanyar Konni ba kaya, idonka a kan allura. Man farkon nan kada ya daɗe, a juye shi da wuri.