Kurakuran Da Masu Koyon Gyara Suke Yi Idan Modem Ya Haɗu Amma Shafi Ya Ƙi Buɗewa

Na gaji da ganin yaran da ke koyon gyaran kwamfuta a shagona da ke Mabera suna ɗauka cewa duk lokacin da shafi ya ƙi buɗewa, layi ne ya yanke. Sau da yawa modem ya riga ya buga lamba, an karɓi suna da kalmar sirri, haɗin yana nan daram, abin da ya gagari kwamfutar kawai shi ne gano lambar da ke bayan sunan shafin, wato aikin DNS.

Wannan kuskuren ya taɓa ja mini kunyar da har yau ban manta ba. A zamanin Windows XP da modem mai gudun 56k, wani malamin makaranta ya kira ni gidansa a Runjin Sambo saboda wannan matsala, ni kuwa da rawar kai na goge kwamfutar gaba ɗaya, rubutunsa na wata da watanni ya salwanta. Bayan na sake ɗora komai, sai na kwafe tsohuwar lambar DNS da ke jikin wata takarda, wadda kamfanin ya daina amfani da ita, matsalar ta dawo yadda take. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe aikin banza muka yi." Na rasa bakin magana.

Saboda haka duk yaron da na kama ya ɗauko faifan Windows kafin ya yi gwaji, sai ransa ya ɓaci. A fara rubuta ping 8.8.8.8 a tagar rubuta umarni ta Windows (Command Prompt), sannan ping google.com; ping umarni ne da ke gwada ko wata kwamfuta za ta amsa. Idan na farko ya amsa na biyu ya ƙi, layi lafiya lau yake, suna ne ba a warware ba. Ni dai al'adata ita ce in sa lambobin DNS na Google, 8.8.8.8 da 8.8.4.4, da hannuna, in bi da ipconfig /flushdns, umarnin da ke share bayanan DNS da kwamfuta ta adana, sannan in leƙa fayil ɗin hosts, inda Windows ke haɗa sunan shafi da lambarsa, domin wasu ƙwayoyin cuta a can suke karkatar da sunaye.

Kuskure na biyu shi ne rufe saƙon da ya fito idan haɗi ya ƙi, ba tare da an karanta lambarsa ba, alhali ita ce rabin gyaran. Lamba 691 tana nufin an ƙi karɓar suna ko kalmar sirri, don haka girgiza waya ba zai yi amfani ba. Lamba 678 kuwa an buga ne ba a amsa ba, 676 layin yana cike, 680 babu sautin layi sam, wanda galibi an cusa wayar a ramin Phone na jikin modem ne maimakon na Line.

Mai modem na USB da ke buga *99# shi ma ya duba APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layinsa, da ragowar datarsa tukuna, kafin ya zargi kwamfutar mutane.