Kafin ki zargi kowa, leƙa randa

Uwayen yara, ga shawara. Wajen wata 12 zuwa 18, yaro na fara tatata sai ya kama sana'ar jefa abu cikin abu. Nawa yaron, makullin mashin ɗin babansa ya jefa a randa. Har mun fara hararar almajirinmu, Allah ya yafe mana, sai ga shi moɗa ta kwaso!

Ki ba shi tsohon kwano da manyan marafen roba waɗanda ba za su shige bakinsa ba, ya yi ta zubawa yana juyewa har ya gaji. Randa da bokiti kuwa a sa musu murfi mai nauyi, don in ya faɗa da ka, ruwa kaɗan ma ya isa ya halaka shi.